Zumunta A Ƙafa Take: Ɗan Boko Da Mutanen Da Ya Baro A Baya

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a madadin 'yan'uwansa, a taron ban kwana na ƙarshen shekarar karatu)





Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saboda haka ba mu miƙe a gaban manya da niyyar koya musu zumunci ba, don kuwa a hannunsu muka gan shi. Maganar yau tsakaninmu ce, mu ɗalibai da yayyenmu da ba su daɗe da kama aiki ba. Manya kuwa su zama shaidu, inda muka karkace su miƙe mu.

Dalilin zaɓen wannan magana a fili yake. Nan da 'yan watanni wasu daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure za su ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe. Daga nan sai bautar ƙasa ta jefa wani Kalaba, wani Ibadan, wani Makurɗi. Bayanta sai neman aiki, sai aure, sai 'ya'ya, sai canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan. Kafin mutum ya ankara shekara goma sha biyar ta wuce, abokin da suka ci tuwo a akushi ɗaya ya zama sai labari, gwaggon da ta goya shi kuwa ba ta san sunayen 'ya'yansa ba. Tambayarmu ita ce, me ke tsinka wannan igiya, in kuma ta tsinke yaya ake ƙulla ta?

YADDA MAGABATA SUKA ƊAURE ZUMUNCI

Kalmar zumunci daga "zumu" ta fito, watau ɗan'uwa na jini ko na aure, ko kuwa aminin da ya kai matsayin ɗan'uwa. Shi ya sa akan ce zumu zuma ne. Addini ya yi umarni da sada zumunci, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan yanke shi, wannan kowa ya sani tun yana makarantar allo. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne dabarar da magabata suka bi domin wannan umarni ya zauna da gindinsa cikin zaman yau da kullum.

Dabarar kuwa ita ce, ba su bar ziyara a hannun marmari ba. Sun san halin ɗan Adam, in aka ce ya je ran da ya ga dama, to, ba zai ga damar ba. Sai suka ɗaure kowace ziyara da wani lokaci sananne, wanda in ya zo ba mai tambayar ka ko kana so. In Sallah ta zo akwai yawon Sallah, yara su ci ado su bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. Su barka da Sallah suke nema, amma a nan suke koyon hanyar gidan kawu da na baffa, wadda ba za su manta ba har tsufa. In mai jego ta gama wanka akwai yawon arba'in, ta goya jariri ta zaga da shi dangin uwa da na uba, domin ya shiga lissafinsu. In watan cika-ciki ya kama, taubasai su bi juna kuɗin shara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma wanda zai bi taubashinsa bashi tilas ya san inda yake zaune. In an gama biki ko suna, a koma ban gajiya. Har ɗa akan ɗauka a ba gwaggo ko kawu riƙo, domin gida biyu su samu dalilin taka wa juna.

Mata kuwa nasu tsarin ya fi na maza ƙarfi. Akwai ƙawance, akwai yaya da ƙanwar rana, akwai kuma biki, inda mace kan kai wa ƙawarta gudummawa ran sha'aninta, ita kuma ran nata a mayar mata da fiye da abin da ta kai, sau da yawa ninki. Mai son ganin yadda wannan ya gudana a ƙasar Zazzau ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Hatta tsakanin gari da gari da ƙabila da ƙabila an ajiye wasa, kamar na Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, ta yadda baƙi biyu za su haɗu a tasha su fara da tsokanar juna su ƙare da cin abinci tare.

Duk wanda ya dubi waɗannan al'adu zai ga abu ɗaya ya ratsa su, watau sai mutum ya tashi ya je da kansa. Ma'anar karin maganar nan ke nan da ke cewa zumunta a ƙafa take.

NISA BA BAƘON BAHAUSHE BA NE

Wataƙila wani zai ce, ai magabata a gari ɗaya suke zaune, tsakanin ƙauye da ƙauye kuwa tafiyar hantsi ce, mu ko zamani ya watsa mu. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, su sayo goro. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara ko fiye. Wasu sun zauna can, suka yi aure, suka kafa zanguna. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892 sai suka bazu zuwa garuruwa irin su Kete-Kirachi da Yeji da Kumasi. Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba, don ayarin da ke ɗauke da goro shi ke ɗauke da sallahu, da wasiƙar ajami, da labarin haihuwa da na mutuwa. Mai masauki a zango kuwa ya san ɗan wane da jikan wane.

Misali ɗaya ya isa. An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Akra ta zauna, ta bar shi a hannun wata dattijuwa da ake kira Tata, wadda daga sunanta ya samu laƙabinsa. Da ya zama matashi sai ya bi ayarin Gwanja, ya yi wannan doguwar tafiya domin ya ga mahaifiyarsa. Hanyar da ya taka don zumunci ita ce daga baya ya yi fatauci a kanta, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Ta gabas ma haka abin yake. Alhazai kan shekara da shekaru a hanyar Makka a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka zauna a bakin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa. Masu zuwa haji da masu komowa su ne suka zama gidan wayar waɗannan mutane da danginsu na gida.

Akwai kuma ranar da aka ga farashin yanke zumunci ƙiri-ƙiri. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka kwaso abin da za su iya ɗauka suka nufo Nijeriya da Nijar, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Wanda ubansa ya riƙa aike yana zuwa ganin gida, ya sauka a kan tabarmar dangi. Wanda kuwa tun kakansa aka daina waiwaye, sai ya iso da sunan gari kawai a bakinsa, ba ƙofar da zai yi sallama. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

ABIN DA KE RABA ƊAN BOKO DA MUTANENSA

To, in nisa bai hana magabata ba, me ke hana na yanzu? Akwai dalilai na fili, akwai kuma na ɓoye.

Na fili su ne waɗanda tsarin karatu da na aiki suka kawo. Yaro kan bar gida yana ɗan shekara goma sha biyu ya tafi makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973 da nufin a tura kowa jihar da ba tasa ba. Ƙirƙiro jihohi ma ya yi nasa rabon. Da aka fitar da Katsina daga Kaduna a 1987, da Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato a 1991, da Zamfara da Gombe a 1996, ma'aikatan da suka daɗe a ofis ɗaya, 'ya'yansu suka tashi a unguwa ɗaya, sai aka ce kowa ya koma jiharsa ta asali. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disamban 1991 wasu dubbai suka sake ƙaura. 'Yan'uwanmu mata kuwa nasu ya fi tsanani, don aure kan ɗauke yarinya zuwa wani gari, ta shiga wasu dangi, fitarta ta zama sai da dalili, ƙawayen makaranta su rasa ko unguwar da za su neme ta.

Dalilan ɓoye guda biyu ne, kuma sun fi na filin ɓarna.

Na farko shi ne ratar da boko kan haƙa tsakanin abokan ƙuruciya. Yara biyar sun yi makarantar allo tare, sun yi kiwo tare, sun yi tashe tare. Ɗaya ya samu wucewa sakandare, huɗun suka tsaya, wannan a gona, wancan a kasuwa, ɗaya ya bi mota, ɗaya ya tafi cin rani Legas. Bayan shekara goma ɗan bokon ya zo hutu ya tarar da su a gindin bishiyar da suka saba zama. Sai ya ji wanda suke kokawa da shi jiya ya ce masa "ranka ya daɗe", ya miƙe ya ba shi wuri. Rabin maganar wasa ce, rabinta kuwa katanga ce. Shi yana tsoron kada ya buɗe baki Turanci ya suɓuce a ce ya yi girman kai, su kuma suna tsoron kada su matso ya zaci roƙo ya kawo su. Kowa ya kame bakinsa, a gaisa a tsaitsaye, a rabu. Ba wanda ya yi wa wani laifi, amma abota ta tafi.

Na biyu shi ne nauyi. Ma'aikaci sabon kamu albashinsa bai kai ya kawo ba, amma a ƙauye an riga an ce wane ya zama babban mutum. Ya san in ya je akwai masu jiran tsaraba, akwai mai takardar asibiti, akwai mai son a sama wa ɗansa aiki. Sai ya ce bari sai Sallah. Sallah ta zo kuɗin haya ya cinye abin da ya tara, sai ya ce bari sai baɗi. A nan ne abin ke juyewa. A shekarar farko rashin kuɗi ne ya hana shi zuwa. A ta uku kuwa, ko da kuɗin a aljihu, kunyar daɗewar ce ke hana shi, don da wane ido zai dubi kawu bayan an yi rasuwa biyu a gidan bai zo gaisuwa ba? Daɗewa tana ƙara nauyi, nauyi yana ƙara daɗewa, har ranar da za a bugo waya a ce kawu ya cika. Sa'an nan kuɗin motar da aka shekara biyar ana nema sai su samu cikin sa'a ɗaya, mutum ya kwana a hanya domin ya riski jana'izar wanda zai fi murna da a ce ya gan shi da rai.

In muka bincika za mu tarar yawancin zumuncin da ya mutu jinkiri ne ya kashe shi. Wanda faɗa ya kashe kaɗan ne.

WAYA DA ƘAFA

Kowane zamani da hanyarsa ta aika gaisuwa. Iyayenmu sun ga zamanin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, da zamanin da akan ɗauki murya a kaset a ba direba ko alhaji ya kai. Sun ga zamanin Zaɓi Sonka a gidan rediyon Kaduna, inda mutum kan cika kati da sunayen 'yan'uwa da abokan arziki a karanta duniya ta ji. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, bayanta kuma intanet ta shiga aljihun kowa.

Zai zama butulci a ce waɗannan ba su yi amfani ba. Mutane da yawa sun gano abokan firamare ta Facebook bayan shekara talatin. 'Yan aji ɗaya kan haɗu a zauren WhatsApp su tara wa maras lafiya kuɗin magani, ko su ɗauki nauyin karatun marayun ɗan ajinsu. Uwa a Daura takan ga fuskar jikanta da aka haifa a Ingila tun kafin a yi suna. Wannan alheri ne, kuma ya kamata a riƙe shi.

Sai dai waya tana da wata illa da wasiƙa ba ta da ita, watau takan sa mutum ya ji kamar ya sauke nauyi alhali bai taɓa shi ba. Saƙon barka da Sallah guda ɗaya da aka tura wa mutum ɗari biyu, wa aka gaisar da shi? Kakar da ta fi kowa cancantar gaisuwar ba ta karanta shi. In ma an kira ta, al'adarmu ba ta yarda ta ce komai ba sai "lafiya lau". Waya ba za ta nuna maka katangar da damina ta kayar ba, ko rumbun da ya ƙare tun kafin bazara, ko idon da ya fara dushewa. Waɗannan sai wanda ya shiga gida ya zauna ya sha ruwa ke ganinsu.

Lalle mun san tafiya ta yi wuya a shekarun nan, ba kuwa za mu raina wannan ba. Akwai hanyoyin da 'yan bindiga suka sa mutane ke shakkar bi, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna an kai wa hari a watan Maris na 2022. Janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin mota. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya san tsakanin Katsina da Maraɗi, inda har Sarkin Maraɗi ke amsa sunan Sarkin Katsina, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni, ya san wa da ƙane aka raba a waɗannan watanni. Ba mai cewa wani ya jefa kansa cikin halaka. Amma darasin da ke ciki shi ne hanyar da ke buɗe yau tana iya rufewa gobe, saboda haka in ta buɗe a bi ta. Mu kuma tuna fataken Gwanja ma da 'yan fashi a hanyarsu, shi ya sa suke tafiya ayari.

YADDA AKE ƘULLA ABIN DA YA TSINKE

Yanzu sai mu zo ga magani. Ga abubuwa shida da muka tsinto daga bakin manya.

Na farko, a fara da tsofaffi, domin su ne ba su da lokacin jira. Aboki tsaranka mai yiwuwa ka same shi baɗi, kaka kuwa ba tabbas. Kuma su ne ke riƙe da taswirar dangi. Tsohuwa ɗaya ce a gida ta san wace gwaggo aka aurar Damagaram, wane baffa ya tafi Kumasi bai dawo ba, da abin da ya haɗa gidanku da gidan da ke bayan masallaci. Ran da ta rufe ido, dangi ɗari sun zama bare. Mu da aka koya wa riƙe alƙalami, ga kuma waya mai ɗaukar murya a aljihunmu, ba abin da ya fi dacewa da mu kamar mu zauna gabanta mu rubuta wa ya haifi wa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu, kada tsaraba ta hana tafiya. Goro da sabulu sun isa shiga kowane gida a ƙasar Hausa. Wanda ya yi fushi don tsarabarka ta yi kaɗan zai huce, wanda ya yi fushi don ba ka zo ba kuwa nasa ya fi daɗewa.

Na uku, a je ran da ba biki ba mutuwa, ba kuma wata bukata. Ziyarar taro ta kowa ce, mai gida ba ya ma tuna wanda ya zo. Ziyarar da ake tunawa ita ce wadda in an tambaye ka "lafiya?" za ka ce "lafiya lau, gaisuwa ce kawai".

Na huɗu, a shirya wa gori. Wanda ya daɗe bai zo ba tilas ya ji "ka yar da mu", ko "yau da wace ƙafa ka fito?" Wannan ba kora ba ce, hanyar buɗe ƙofa ce, kuma ba ta wuce minti biyar. A sunkuyar da kai a ce a yi haƙuri, kada a tsaya jero uzuri. Game da abokin ƙuruciya kuwa, kada a je neman yaron da aka sani, don shi ma ya zama magidanci mai iyali da sana'a da sanin duniyar da ba a koyarwa a jami'a. A zauna a tabarmarsa, a kira shi da sunan da aka saba, a tambaye shi farashin taki da halin kasuwa, a saurara kamar yadda ake sauraron lacca. In ya ce "ranka ya daɗe", a mayar masa da tsokanar da.

Na biyar, kada mu gaji gabar da ba mu san farkonta ba. Gidaje da yawa sun rabu a kan rabon gado, ko iyakar gona, ko auren zumuncin da ya mutu. Iyaye suka daina magana, 'ya'ya suka tashi suka tarar da shiru suka ci gaba da shi. Sau da yawa manyan sun gaji da gabar, girma ne kawai ya hana kowa farawa, yaro kuwa ba ya zubar da girma in ya je ya durƙusa ya gai da baffansa. In abin ya yi tsauri a nemi limami ko wani dattijon da kowane ɓangare ke jin nauyinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shida ya fi shafar yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunsu. Dole a bambanta zumunci da alfarma. Da yawa sun guje wa dangi ne don gudun a roƙe su abin da ba su da iko da shi, ko abin da in sun yi sun ci amanar ofis. Mafita ita ce gaskiya. Abin da ke aljihunka naka ne, ka bayar gwargwadon hali. Abin da ke cikin fayil da baitulmali kuwa na jama'a ne, ka ce ba ka da ikonsa, ka nuna wa yaro yadda ake cika takarda da ranar da ake rufe karɓa. Za a yi gunaguni a karon farko, a karo na uku an san halinka, an kuma ci gaba da yi maka shimfiɗa in ka zo.

Kafin mu rufe wannan babi, kalma ɗaya game da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, wadda muka sani da Barewa, ta nuna abin da zaman aji ɗaya kan haifar, don a cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da wasu da yawa da suka riƙe ƙasar nan bayansu. Mu ma za mu kafa namu ƙungiyoyin. Roƙonmu shi ne kada su zama taron waɗanda suka samu. Ɗan ajin da ya daina zuwa taro, ya yi shiru a zauren waya, galibi shi ne wanda duniya ta juya wa baya, kuma shi ya fi bukatar a neme shi har gida.

KAMMALAWA

Shugaba, malamai, 'yan'uwa, abin da muka faɗa a taƙaice shi ne magabata sun yi nisan da ya fi namu, da hanyoyin da suka fi namu wuya, amma suka riƙe juna domin sun sa wa ziyara lokaci, sun kuma taka da ƙafarsu. Tsarin aikin zamani ba zai sa mana wannan lokaci ba, sai mu sa wa kanmu.

Saboda haka muna ba da shawara, kafin a watse daga wannan zaure kowa ya rubuta sunaye uku a bayan littafinsa: tsoho ɗaya ko tsohuwa daga cikin dangi, abokin ƙuruciya ɗaya wanda bai samu ci gaba da karatu ba, da gida ɗaya da aka daɗe ba a shiga ba saboda wani saɓani. Hutun nan da za a shiga ya ishe mu zaga su duka. Masu fita kuma su bar wa 'yan ajinsu sunan unguwa da na mai unguwa a garinsu na asali, don lambar waya takan canja, gidan uba kuwa yana nan inda yake.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye hanya, ya bar zumunci.